Kafin ka kai labarin aljanunka maɗaba'a a Shomolu

A leda Yayata ta dawo min da shafuka 16 na farko na littafin aljanu da nake zanawa, ta ƙulle bakin ledar tamau kamar mai fita da mushe. Ta ajiye a kan teburin shagona ta ce, "Auta, kar ka sake shigo min da wannan abin gida." Ko zama ba ta yi ba, balle shan ruwa. Na bi ta da kallo ina cewa a raina aiki ya yi, tunda har ya girgiza Yaya. Sai bayan mako biyu na gane cewa wani tsohon miki na fama mata, kuma ban sani ba saboda ban iya sauraron mai karatu ba. Abin da na koya daga ranar zuwa ranar da aka buga littafin shi nake so in miƙa wa matasan da ke shigowa shagona da zane a cikin jaka.

A Agege aka haife ni. Fataucin goro ne ya kawo kakana Ikko, wato Legas, kamar yawancin tsofaffin gidajen Hausawan unguwar. Da rana ina rubuta allon shago ina buga tambari a jikin riguna, da dare ina zane. Littafin da nake magana a kai shafi 48 ne, baƙi da fari. Labarin wani ɗan cirani ne da aka ba gadin bene da ba a gama ginawa ba, a bakin kanal. Ƙarƙashin benen akwai tsohuwar rijiya da aka rufe da kankare. Abin da ke cikin rijiyar yana biya masa buƙata, amma duk buƙata ɗaya sai ya ɗauke masa fuskar mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya baro a gida. Yana tuna sunan, yana tuna muryar, fuskar ce ba ta zuwa. A zanen sai in bar wurin fuskar fari fat.

Tun da aka fara taron masu labarin zane na Lagos Comic Con a 2012, ga kuma kamfanoni irin su Comic Republic da suka biyo baya a 2013, yaranmu sun ga cewa labarin zane sana'a ce da ake yi a garin nan. Sai dai kusan duk da Turanci ake yin ta, kuma mai karatun da za ka tarar a irin wannan taro zai tambaye ka alƙalamin da ka yi aiki da shi da yadda ka zuba inuwa. Mai karatunka na Hausa daban ne. Shi aljani a wurinsa gaskiya ne. Akwai sura sukutum da sunansu, ta 72 a cikin Alƙur'ani. Ya san wata tsamiya ko kuka a garinsu da ba a ratsa ƙarƙashinta da tsakar rana. Uwarsa ta hana shi watsa ruwan zafi a makwarara sai da bisimilla, ta hana shi yawo da magariba. In ka ɗora masa littafinka a cinya, ka taɓa abin da ya yi imani da shi, wataƙila ma abin da ya taɓa shigowa gidansu. Saboda haka gwajin da za ka yi ya wuce neman sanin ko labarin ya yi daɗi.

Ka fara da gama aikin. Kada ka nuna wa kowa rabin labari kamar yadda na yi wa Yaya, domin rabin labarin aljanu ba shi da komai sai duhu, mai karatu bai san inda ka nufa da shi ba. In ka gama, ka je wurin mai fotokwafi ka haɗa littafin gwaji na takarda. Kowace takarda ɗaya in an naɗe ta biyu tana ɗaukar shafi 4, shi ya sa adadin shafukanka dole ya rabu da 4: nawa 48, takarda 12 ke nan. Shafi na 1 da na 48 suna zama a fuska ɗaya, na 2 da na 47 a bayanta, haka har ka iso tsakiya. Ka jera, ka naɗe, ka ɗinke tsakiyar. Kada ka ce za ka tura ta WhatsApp ka huta. A waya mutum yana ganin shafi ɗaya-ɗaya, kuma kai ba ka ganinsa. A takarda kuwa, da ya buɗe, idonsa yana faɗawa shafin hagu da na dama a tare. Duk abin firgici da ka ajiye a shafin dama, ya hango shi tun yana karanta na hagu, ya riga ya shirya. Wurin abin firgici shafin hagu ne, mai lamba 2, 4, 6, wanda ba a gani sai an juya takarda. Akwatin zane na ƙarshe a shafin dama kuma shi ne zai sa hannu ya yi nauyi wajen juyawar. Ni sai da na matsar da rabin littafin da shafi ɗaya saboda wannan, kuma ban gano ba sai da na riƙe shi a naɗe.

Sai zaɓen masu karatu. Abokanka masu zane ka bar su sai ƙarshe, su layin zane suke kallo. Ni mutum 9 na nema. Akwai wata tela a layinmu, da wani mai dakon tumatir a kasuwar Mile 12, da mahauci daga mayankar Oko-Oba, da wata nas, da ɗalibar jami'a, da malamin Islamiyyar da na yi karatu a wurinsa, da wata tsohuwa ƙawar kakata, da maƙwabcina Bayarabe mai gyaran janareto, da wani dattijo mai gadi na gaske. Dattijon nan ajami kaɗai yake karantawa, bai yi boko ba, kuma shi ya fi kowa amfani a wurina. In wanda ba ya karanta rubutun ya iya bin labarin daga hotuna kaɗai, to zanenka yana magana. Ka nemi irinsa ko da za ka sha yawo.

Kafin ka miƙa littafin, ka faɗi abin da ke ciki ɓaro-ɓaro. Ka ce akwai aljanu, akwai jini kaɗan, akwai mutuwar uwa, akwai yarinya da ke faɗuwa. Ka ce in ba ya so babu komai. Wanda ya ce a kai kasuwa, ka yi masa godiya ka tafi, kada ka lallashe shi. Ka sa lokacin da rana, tsakanin azahar da la'asar ya fi, wurin da akwai haske da motsin mutane. Kada ka bar wa mutum ya kwana da shi a karon farko. A Legas ana iya ɗauke wuta kowane lokaci, kuma wanda ya karanta irin wannan abu da tocila shi kaɗai a ɗaki, abin da zai faɗa maka washegari labarin darensa ne, littafinka ya ɓace a ciki. Mutum ɗaya-ɗaya za ka ba. In ka tara su, babban cikinsu zai yi magana sauran su ce haka ne. Yara kuwa babu su a wannan gwajin sam.

In ya fara karatu, ka koma gefe ka yi shiru. Wannan shi ne mafi wuya, domin bakinka zai yi ƙaiƙayin bayani. Ka riƙe naka kwafin da fensir. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mu an horar da mu ɓoye fuska tun muna yara, don haka ni hannu nake kallo. Hannun da ya tsaya a kusurwar takarda bai juya ba, ka sa alama. Hannun da ya koma baya da shafi biyu, ka sa alama, daga baya ka tambaya: ya koma ne don ya ɓata, ko don yana so ya sake gani? Na farko gyara ne, na biyu riba. Inda ya juya shafi uku a jere ba tare da ya tsaya ba, nan ka yi surutu da yawa. Inda ya nisantar da littafin daga ƙirjinsa, inda leɓensa ya motsa da a'uziyya, inda ya waiwaya bayansa, duk ka rubuta lambar shafin. Inda ya yi dariya kuma, ka rubuta da babban baƙi.

Dariyar ce ta fara buɗe min ido. A shafi na 20 na zana abin rijiyar ya fito gaba ɗaya, da ƙaho, da jela, da haƙora zaƙo-zaƙo. Na yi kwana uku a kan shafin nan. Mahaucin ya tuntsire da dariya ya ce, "Maigida, wannan ai sa ne, irinsa nake kayarwa kullum." Tela ta ce ya yi kama da na finafinan Turawa. Dattijo mai gadi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya gan shi ya ba ka labari?" Ya karanto min aya ta 27 a Suratul A'araf, inda aka ce Shaiɗan da rundunarsa suna ganinku ta inda ba ku ganinsu. Ya ce a shekarunsa na gadi, abin da ke tayar masa da tsikar jiki shi ne takun da ke tsayawa in ya tsaya. Na cire shafin. Na maye gurbinsa da wata mata da ta zo roƙon ruwa da tsakar dare, a lulluɓe, mai ladabi, mai gadin yana zuba mata a moɗa. Sai a akwatin ƙarshe, bayan an juya takarda, idonsa ya sauka ƙasa ya ga kofato. Duk Bahaushe ya taɓa jin wannan labarin a bakin wani, kuma babu wanda ya yi dariya a karo na biyu. Fuskar abin rijiyar kuwa ba ta sake fitowa ba har littafin ya ƙare. Farin layin da ke tsakanin akwati da akwati, nan mai karatu yake zana nasa aljanin, kuma nasa ya fi naka muni domin ya san abin da yake tsoro.

Abin da ban zata ba shi ne wurin da hannuwa suka fi tsayawa. Shafi ne marar aljani, marar jini. Mai gadin yana waya da mahaifiyarsa, muryarta tana fita, yana ƙoƙarin tuno ta zaune a bakin murhu, ga ɗankwali, ga zane, ga hannu riƙe da muciya, wurin fuskar fari. Mai dakon tumatir ya rufe littafin a nan, ya ce zai je ya dawo. Ya fita bayan shago ya daɗe. Da ya dawo ya ce min shekararsa huɗu bai je gida ba. Mutum 6 cikin 9 a wannan shafin suka tsaya. Da na bi ra'ayina, da na rage shi, don ina ganin ba ya tsoratarwa. Saboda hannuwansu na faɗaɗa shi ya cika shafi guda.

In ya gama, kada ka tambaye shi ko ya yi kyau. Kara ba za ta bar shi ya ce a'a ba, zai ce "Masha Allah, Allah ya ƙara basira," ka tafi hannu rabbana. Ka ce ya ba ka labarin da bakinsa kamar ba ka sani ba. Abin da ya tsallake bai shiga ba, abin da ya ƙara daga kansa ka duba ko kai ka jawo. Ka tambaye shi shafin da zai yage in an ba shi dama. Ka tambaye shi wa ba zai ba wa littafin ba a gidansu, da dalili. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ke fito da abin da kunya ta danne, domin mutum ya fi sakin baki in yana magana a madadin wani. Bayan kwana uku ka koma ka ce me ya rage masa a rai. Hoton da ya kwana uku a kan mutum, shi ne bangon littafinka.

Daga nan sai tankaɗe, kuma nan ne aikin yake. Duk wanda ya ce "ban so ba," akwai abin da yake nufi, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wani tsoron da ya zo nema ya samu, yana faɗa yana murmushi, wannan kada ka taɓa komai. Wani ya rikice ne bai san wa ke magana ba, wannan gyaran zane ne, ka yi ka wuce. Waɗanda za ka zauna da su da kyau su ne wanda ka taɓa imaninsa da wanda ka taɓa mikinsa.

Malam ya karanta littafin a zaure bayan an tashi yara. Ya gama ya ce, "Zauna." Na ce, "Allah gafarta Malam, a faɗa min komai." Abu na farko da ya nuna shi ne shafin da liman ke karatu a kan rijiyar, inda na rubuta Ayatul Kursiyyu da Larabci a cikin da'irar magana. Ya ce, "Ka san inda takarda take ƙarewa a garin nan? Mai ƙosai za ta naɗe da ita, ko ta faɗa kwata." Ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma gaskiyarsa. Na goge ayar, na zana leɓen liman da yatsunsa a kan carbi, na rubuta a ƙasa cewa ya karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. Shafin ya ma fi kyau. Na biyu, abin rijiyar yana gaya wa mai gadin abin da zai faru gobe, kuma yana faruwa. Malam ya ce aljanu ba su san gaibu ba. Ya tuna min aya ta 14 a Suratu Saba'i: Annabi Sulaimanu ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aiki ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Na mayar da abin ya zama maƙaryaci, yana faɗin abin da shi da kansa zai je ya haddasa, yana nuna kamar ya hango. Na uku, ina cakuɗa kalmar aljani da shaiɗan kamar abu ɗaya. Ya ce a cikin Suratul Jinni su da kansu suka ce akwai salihai a cikinsu, akwai musulmi, don haka in mugu nake nufi in faɗi mugu. Sannan ya nuna min aya ta 6 a surar, wadda ke cewa wasu mazaje daga mutane suna neman tsari da wasu mazaje daga aljanu, sai suka ƙara musu wahala. Ya ce, "Ga labarinka nan tun kafin a haife ka."

Batun zanen abu mai rai ma zai taso, kada ka yi mamaki. Malamai sun yi magana a kai, fahimtarsu ta bambanta. Ka kai tambayar wurin malamin da ka yarda da shi tun kafin ka sayi tawada. Wanda ya ƙi karɓar littafinka saboda wannan dalili, ka girmama shi, kada ka tsaya musu a bakin shago.

Tsohuwar nan ƙawar kakata ita ta hana ni wani kuskuren. Na ba abin rijiyar sunan ɗaya daga cikin iskokin bori, don sunan ya yi min daɗin faɗa. Ta dafa shafin ta ce, "Jikana, sunan nan da masu shi." Ta ce irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna kowanne da halinsa da kirarinsa da kiɗansa a wurin 'yan bori, kuma abin da na zana bai yi kama da ko ɗaya ba. Masu bori za su ce na yi musu ƙage, masu ƙin bori za su ce ina tallarsa, in rasa tudun dafawa. Na cire sunan. A littafin kowa yana ce masa "na rijiya," kamar yadda iyayenmu ke cewa mutanen ɓoye don kada su kama suna. Maƙwabcina Bayarabe ya kawo irin wannan magana daga nasu ɓangaren. Akwai wani leburan gini a labarin da ya ga abin ya yi ihu da sunan Esu, ɗaya daga cikin abubuwan bauta na addinin gargajiyar Yarbawa. Ya ce min tun da aka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci aka sa wannan suna a wurin Shaiɗan, amma masu addinin gargajiya ba su yarda ba, har yau suna ƙorafi. Tunda littafin a Legas zai zaga, na sa leburan ya yi ihu kawai ya jefar da kwanon siminti.

Yanzu in koma kan Yaya. 'Yarta ta yi shekara biyu tana faɗuwa tun tana ƙarama. An ce aljanu ne, an yi ta yawon neman magani, an sha hayaƙi, an sayar da abin da aka sayar. Daga ƙarshe a asibiti aka gano farfaɗiya ce, aka ɗora ta a kan ƙwaya, ta samu sauƙi. Ni ina yaro lokacin, abin ya shige min. A shafukan da na ba Yaya akwai yarinya a ƙasa tana kakkafewa, kumfa a bakinta, inuwar abin rijiyar a kanta. Nas ɗin da na ba littafin ita ta haɗa min zancen ba tare da ta san Yaya ba. Ta ce duk alamar da na zana ta farfaɗiya ce, kuma irin wannan hoto shi ke sa a riƙe yaro a gida har ciwon ya yi nisa. Ta ce har cokalin da na zana ana cusa wa yarinyar a baki kuskure ne mai karya haƙori, abin da ake yi shi ne a kwantar da mutum ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kuma yawunsa ba ya yaɗa cutar. Na je gidan Yaya na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ka zana abin da ka ga dama, Auta, amma kada ka sa wata uwa ta yi shekara biyu irin nawa." Yarinyar tana nan a littafin, tana faɗuwa, mutanen layi suna cewa na rijiya ne. Sai dai yanzu wata maƙwabciya tana ɗaukarta zuwa asibiti, kuma mai karatu yana gani ƙarara cewa abin rijiyar ba shi da hannu a ciwonta, tsoron mutanen kawai yake ci.

Akwai kuma gyaran da na ƙi. Mutum huɗu sun so a ƙarshe mai gadin ya tuba, fuskokin su dawo, ya koma gida a yi murna. Na yarda da rabin maganar. Ƙofar tuba a buɗe take, kuma labarin da ya nuna mutum ya nemi Allah bai samu ba, ƙarya ya yi wa mai karatu. Mai gadin ya tuba, an cike rijiyar. Amma mahaifiyarsa ta rasu yana Legas, babu hotonta ko ɗaya, kuma fuskarta ba ta dawo ba. Ɗalibar jami'ar ta ce na yi zalunci. Malam ya ce in bar shi haka, domin ana gafarta zunubi tabonsa ya zauna. In kana sauraron mutane za ka ji sha'awar faranta wa kowa. Ka bambance wanda ya nuna maka kuskure da wanda yake so ka rubuta masa wani littafin daban.

Iyaye su ne masu karatun da ba ka gayyata ba, kuma za su zo. Littafin zane a idon yawancin mutanenmu kayan yara ne, yaro yana gani zai ɗauka. Wannan rigima ta girme mu. A watan Satumba na 1954, ɗaruruwan yara a birnin Gilasgo na Sikotilan suka cika wata maƙabarta da sanduna da wuƙaƙe, suna farautar wani mai shan jini mai haƙoran ƙarfe da aka ce ya cinye yara biyu. Aka ɗora laifin a kan littattafan zane na ban tsoro da ke shigowa daga Amurka, a 1955 majalisar Birtaniya ta kafa doka a kansu. A Amurka ma a 1954 wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna kan batun, masu buga littattafan suka kafa wa kansu ƙa'idar da ta hana zana masu shan jini da matattu masu tafiya, ba a sassauta ba sai 1971. Mu ma a Kano an kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, kuma a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a. Tsoron da uwa ke ji wa ɗanta ba abin rainawa ba ne. Ka rubuta a bangon gaba, da manyan baƙaƙe, cewa na manya ne, shekara 18 zuwa sama. Ka sa kowane kwafi a leda a liƙe. Ka gaya wa duk mai shagon da zai sayar maka kada ya jera shi kusa da littattafan makaranta. In uba ya zo da faɗa, ka ba shi kujera, ka bar shi ya gama, ka karɓi littafin ka mayar masa da kuɗinsa.

Bayan gyara ka sake haɗa littafin gwaji, ka ba sababbin mutane uku da ba su ga na farko ba, domin na farkon sun riga sun san inda kofaton yake. Sannan ka nufi Shomolu, inda injinan buga takardu suka fi yawa a Legas. Kada ka yarda a buga duka sai an fitar maka da kwafi ɗaya ka gani. Littafin dare baƙi ne ya yi masa yawa, in takardar ba ta da kauri baƙin shafi zai leƙo ta baya ya ɓata farar fuskar da ka bari, in tawada ta yi yawa kuma siraran layuka su nutse. Ka ɗaga kowane shafi ka duba shi a hasken rana. Ka bi rubutun harafi-harafi, domin yawancin salon rubutun da ke kwamfutocin can ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito da ɗan akwati ko su mayar maka da ƙofa ta zama kofa, ɓera ya zama bera. Ni da hannu na rubuta nawa duka don in huta da wannan.

Kwafin farko da ya fito, dattijo mai gadi na kai wa, a bakin get ɗin da yake aiki, da hantsi. Ya goge hannunsa a riga ya karɓa, ya bi hotunan da yatsa tun daga farko. Da ya iso shafin matar da ke bakin murhu ya tsaya, ya ce in karanta masa abin da take faɗa a wayar. Na karanta. Ya ce in sake.